Mma Azara a Gidan Gaba

Tun da na dawo daga Gana ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayin unguwarmu sai wani ya matso: "Garba, wai da gaske can ma Hausa suke yi?" Kafin in buɗe baki wani ya jefo tasa: "Wai tuwonsu tsami gare shi?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Shekaranjiya da kunnena na ji ana cewa wai an ɗaure ni a kan iyaka da bam a jaka. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa, ni kuma in sha shayina da zafinsa.

Aikina awon hanya ne. Kamfanin da nake wa aiki a nan Kaduna ya sami wani ɗan aiki a Ankara, wato babban birnin Gana, ba ta Turkiyya ba, haka mutanenmu na can suke kiranta. Za a gyara hanyoyin wasu unguwanni, abin da aka ware ba zai isa duka ba, sai aka ce a auna a ga waɗanda suka fi lalacewa a fara da su. Abin awon kuwa wani ɗan akwati ne da bai fi rediyo girma ba. Ana ɗaure shi a cikin mota daidai saman ƙafafun baya, wata siririyar waya ta sauka ta rami ta kama ƙarfen da ya haɗa tayoyin. Duk tsallen da mota ta yi sai wayar ta ja, wani ɗan agogo da ke hannuna ya ƙara lamba. Hanya mai kyau lamba kaɗan, mai gargada lamba da yawa. A ofis Magulmaciya muke kiranta, don ba ta iya ganin aibin hanya ta yi shiru.

Matsalarta ɗaya, ba aibin hanya kaɗai take kawowa ba. Iska ta yi wa taya yawa, za ta ƙirga. Direba ya ƙara wuta, za ta ƙirga. Nauyin mota ya canza, shi ma za ta haɗa ta ɗora wa hanya laifi. Wannan tarkacen da ke shiga cikin lamba shi muke kira surutu, kuma rabin aikinmu shi ne kashe surutu har a ji muryar hanya ita kaɗai. Ku riƙe wannan, don shi ya kusa sa ni kuka a ƙasar mutane.

Daga Kaduna zuwa Ikko na rungume akwatin nan a cinya kamar jariri, don ban yarda da 'yan lodi ba. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta yi ta roƙona in kunna mana mu ji labarai. Na ce mata ba rediyo ba ce, ta dube ni sama da ƙasa ta ce rowa dai ba ta da kyau. Daga Ikko muka shiga doguwar Fijo mai zuwa Ankara kai tsaye. A cikin fasinjojin akwai wata Bayarabiya mai fataucin atamfa, wadda tun kafin mu bar tasha ta naɗa kanta shugabarmu. Ita ta karɓe fasfo ɗin kowa, ita ke cewa a sauka, ita ke cewa a hau, har direba sai ya dubi fuskarta kafin ya tsaya fitsari. Na ji haushi da farko, amma da muka shiga ƙasar Binin na ga Faransancina bai wuce "bonju" ba, sai na bi ta sau da ƙafa kamar ɗanta.

Iyaka uku muka ƙetare a yini guda, kowace da layinta da tambarinta da kalar kakinta. A biyun farko ba wanda ya kula da akwatina. A Aflawo ne, ƙofar shiga Gana, inda teku ke rugugi a hagunka kana bin layi, wani jami'i ya ce in buɗe. Da ya ga waya da agogo sai ya ja da baya ya kira na gaba da shi, na gaban ya kira wani. Na yi bayani da Turanci har gumi ya karyo mini, ba wanda ya gamsu. Can sai wani mai tsire da ke gefe ya ɗaga murya: "Masta, bar dogon Turanci. Nuna su yanda abu ɗin yake aiki kawai."

Hausar Gana ta farko da na ji ke nan, kuma ta yi mini daɗi kamar ruwan randa. Na miƙa wa babban nasu bakin wayar na ce ya ja. Ya ja, agogo ya ce ƙas, kowa ya watse. Da aka ga ba abin da ya fashe sai ya sake ja, ya sake, ya fashe da dariya. Kafin ka ce me, sun yi layi kowa yana so ya ja nasa. Babban ya buga mini tambari yana cewa in na gama da Ankara in zo ya kai ni hanyar ƙauyensu, wai a can agogon nan sai ya ƙone. To, bam ɗin da kuke ta yaɗawa ke nan.

Kamfani ya so ya sa ni a otal, na ƙi. Surukina yana da abokin cinikin goro a Mamobi, Alhaji Seidu, kuma ya riga ya aika masa cewa ina tafe. Daga tasha na ɗauki tasi. Muka ratsa Nima, mutane kamar an zubo su daga buhu, 'yan kamashon turoturo, wato ƙananan bas-bas ɗinsu, suna ta ihun "Nima-Mamobi! Nima-Mamobi!" Muna isa bakin wani dogon layi mai gangara direba ya taka birki ya ce nan ne ƙarshe. Na ce ai gidan yana ciki. Ya nuna mini hanyar da haɓa ya ce ko ubansa ne a ciki ba zai shiga ba. Na duba, na ga gaskiyarsa. Ruwan sama ya yanka ta tsaga-tsaga, duwatsu sun fito, ragowar tsohuwar kwalta ta tsaya tsibiri-tsibiri. Haka na ɗora Magulmaciya a ka na gangara da ƙafa, ina tambayar gidan Alhaji Seidu mai goro.

Gidan irin na haya ne mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. A ciki akwai Bamoshe, akwai Bazabarme, akwai Badagombe, akwai 'yan Kotokoli, kowa da yarensa a ɗaki, amma da an fito tsakar gida sai Hausa. Hausar tasu ba ta damu da mace ko namiji ba, kuma jimla ɗaya sai ka tsinci Turanci da Tuwi, babban yaren ƙasar, a cikinta. Abin da ya fi ba ni mamaki mata. A nan gida in ka sauka gidan mutum sai ka yi wata ba ka ga fuskar matarsa ba. Can kuwa matan ne ke riƙe da kasuwa, su fita tun asuba da kwanduna a ka, su dawo su tsaya suna yi maka tambayoyi ido cikin ido. Ranar farko na rasa inda zan sa idona, har matar Alhaji ta tambaye shi ko baƙon nasa wuyansa ciwo yake.

Abinci kuma, ku da kuke tambaya. Da safe koko ne da ƙosai, har sunan Hausawa suke laƙaba wa kokon, amma ni tun da uwata ta haife ni ban sha koko mai yajin wannan ba. Da hantsi shinkafa da wake, ja-ja-ja don ana dafa ta da karan dafi, a zuba maka a ganye, a ɗora taliya da garin rogo da ƙwai da ganda, sannan a kawo wani baƙin yaji mai suna shito. Na ɗauka miya ce na malala. Abin da ya biyo baya ba na rubutawa ba ne, amma 'yan gidan sun yi kwanaki suna kwaikwayon yadda na ruga wurin tulu. Dokunu kuwa, wato tuwon masararsu da kuke tambaya, e, tsami gare shi, kuma a mako na biyu ni da kaina nake aika a sayo mini da soyayyen kifi.

A ƙofar gidan kullum akwai wata tsohuwa a kan kujera 'yar tsugunno, da carbi a hannu, ba mai wucewa bai rusuna ba. Ita ce Mma Azara, mahaifiyar Alhaji. Tun ranar da na zo ta sa mini suna ɗan Alata. Na ce mata, "Mma, ni Bahaushe ne, Alata ai Yarbawa kuke nufi." Ta ce duk wanda ya fito daga Najeriya Alata ne, kada in ɓata mata lokaci.

Gwiwoyinta sun daina ɗaukar ta, daga ɗaki zuwa ƙofar gida ma sai an riƙe ta. Tun da masu tasi suka daina shigowa layin, in za ta asibiti sai a ɗora ta a kan kurar turawa har bakin titi. Ranar ƙarshe da aka yi haka, 'yan unguwa suka fito suna kallo, wani ma ya tambaya ko rasuwa aka yi. Daga ranar ta rantse ba za a ƙara tura ta kamar buhun doya ba. Tana da ƙanwa a Madina, can arewacin gari, wadda ciwon ido ya zaunar. Su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma an fi shekara biyu ba su haɗu ba. Da Alhaji ya gaya mata aikin da ya kawo ni, kuma layinsu yana cikin waɗanda za a auna, sai ta sa aka kawo mata akwatin ta dafa shi. Ta ce, "Ɗana, ka gaya ma abu ɗin nan ya faɗi gaskiya. Ni ina so mota ya zo ƙofa na kafin makara ya zo."

Na yi dariya na ce in sha Allahu, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Wanda nake aiki a ƙarƙashinsa wani injiniya ne, Mista Mensa, mutum mai tsafta da doguwar farar safa, ba ya wasa da ƙa'ida. Ƙa'idar ita ce, kowace hanya a bi ta sau da yawa da gudu iri ɗaya. In lambobin sun yi kusa da juna a haɗa a raba a sami tsakiya. In sun watse, an cire hanyar daga rahoto sai wani zagaye, kuma wani zagayen ba wanda ya san shekararsa. Direban da aka ba ni sunansa Issaka, ƙato mai dariya kamar tsawa, tsohon direban turoturo, haifaffen Mamobi, a layin Alhaji Seidu ma aka yanke masa cibiya.

Muka fara da wata hanya ta wajen Madina wadda aka riga aka auna da hannu, don mu daidaita lissafinmu da ita. Daga nan Alajo, daga nan Kawukudi. Lambobi suka yi ta fitowa kamar 'yan uwa ɗaya, har Mista Mensa ya fara kirana da sunana. Sai muka zo layinmu. Bi na farko lamba ta yi sama. Na biyu ta faɗo, kai ka ce filin jirgi muka bi. Na uku ta tsaya a tsakiya, na huɗu ta wuce ta farko.

Na shiga farautar surutu ɗaya bayan ɗaya. Muka je wurin mai faci na sa aka gwada iskar kowace taya a gabana. A nan na ga ɗaya ta baya tana da wani tudun faci da ke sa ta ɗingishi, na sa aka canza ta, na ce na kama ɓarawo. Muka koma, ba canji. Na ɗaure wayar da kyau, na share mata ƙasa. Na ce kullum a cika tanki kafin a fara, kuma mota ta ɗan zaga gari ƙarafanta su yi ɗumi. Kowane gyara ya ɗan rage wani abu, amma lambobin suna nan a watse. Mista Mensa ya duba ya girgiza kai, ya ce ƙarshen mako zai rufe rahoto, da layin ko babu shi. In na dawo gida da yamma Mma Azara takan tambaye ni, "Abu ɗin ya faɗi gaskiya?" Ni kuma in ce muna kai, in wuce sum-sum. Kunya ce ta ishe ni, ga haushi, har dokunun ya daina yi mini daɗi.

Yadda na gano abin sai ku yi mini dariya. Mun kai ƙarshen layi za mu juyo, sai wata mata ta ɗaga hannu. Issaka ya tsaya, ta shigo da buhun masara da kwano da goyo. Ni da kaina na matsa mata, har na karɓi jaririn na riƙe ta gyara zama. Da aka ɗora buhun a baya sai na ji motar ta durƙusa, na ga wayar Magulmaciya ta yi sako-sako a gaban idona. Na tsaya ina kallonta kamar yau na fara ganinta. Sai abin ya dawo mini tiryan-tiryan: jiya da lamba ta faɗo, liman ne da mutum biyu a ciki za su ɗaurin aure. Da ta tashi sama, mu biyu ne kawai. Duk juyowa sai mun rage wa wani hanya, ni kuwa ban taɓa ganin haka a matsayin wani abu ba, don wa zai wuce mutum a rana da kujera a sake?

A bin nan ban kalli agogo ba, Issaka na kalla. Muna zuwa majalisar dattawa ya ɗaga ƙafa daga totur, ya saki sitiyari ya ɗaga hannu biyu: "Baba, sannu da hutawa!" Gaba kaɗan masallaci, ya sake. Wurin wanzami, ya sake. Wurin mai shinkafa da wake har da leƙa kai. A Alajo da Kawukudi gudunsa ɗaya kamar an ɗaure ƙafarsa, amma a nan kowane taku akwai wanda ya goya shi ko ya yi masa kaciya. Abin haushin, ashe ni ma ina amsa gaisuwar kaina a sunkuye.

Na ce, "Issaka, daga yanzu ba rage hanya, ba gaisuwa. Ka miƙe kawai."

Ya gangara gefe, ya kashe mota, ya zare makulli ya miƙo mini. Ya ce, "Masta, kai gobe za ka koma Alata. Ni nan za a binne ni. In wuce Baba Liman da mota wofi, ban gaishe shi ba? Su ce Issaka ya samu mota na kamfani ya zama Bature? Ei! Karɓi, ka tuƙa da kanka."

Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganganu, shi ma ya mayar. Amma ko a lokacin na san da a Tudun Wada ne aka ce in wuce majalisar babana ban ɗaga hannu ba, ni ma makullin zan ajiye.

Bayan la'asar na zauna a ƙofar gida na zayyana wa Alhaji da Mma komai. Cikin bayanin ne na ji bakina yana cewa, ita na'urar ba ruwanta da mota ta yi nauyi ko ta yi sakayau, ita dai kada a canza mata. Na tsaya. Na ce, to ai in mota a cike take tun daga farko, da mutane iri ɗaya a kujeru iri ɗaya, nauyi bai canza ba, kuma ba wanda zai ce an hana shi wuri. Alhaji ya ce saura gaisuwa. Mma Azara ta ajiye carbi ta ce, "Gidan gaba nawa ne. Gaisuwa ni zan yi. Wanda na gaishe shi ba zai nemi na Issaka ba."

Mista Mensa da ya ji sai ya cire tabarau ya ce a iya saninsa buhunan yashi ake sawa. Na ce masa a Mamobi in aka ga ka ɗauki yashi ka bar mutum a tsaye, gara ma ka wuce da motar wofi. Ya mayar da tabarau, sannan ya ce ya yarda, amma sai mun koma hanyar Madina da mutanen nan a ciki mun sake daidaita lissafi da sabon nauyin. Na ce ai ko bai faɗa ba za mu je.

Aka zaɓo fasinjoji: ladanin masallacin layi, wani tela, da wasu mata biyu masu jiki da suka yarda su bar wa 'ya'yansu kasuwa. Na kafa musu doka, kowa da kujerarsa, ba kaya, ba goyo. Issaka ya lallaɓo da mota har ƙofar gida, aka jera matasan kai, aka ɗauko Mma ta sha farin mayafi da turare aka zaunar a gaba. Muka yi aikinmu a hanyar Madina, muna kai da komo, tana ta tambaya ko ɓata muka yi. Na ce, "Mma, sau ɗaya ba awo ba ne, sai an maimaita." Da muka gama Issaka bai tambayi kowa ba ya karya kan mota zuwa gidan ƙanwarta. Aka fito da tsohuwar tana lalube, ta shafa fuskar yayarta ta tagar mota, suka riƙe juna suna kuka suna zagin juna a kan wa ya ƙi zuwa wurin wa. Na juya baya na yi kamar ina duba taya, don idona ya cika.

Da magariba ladan ya yi shela a lasifika cewa gobe motar awo za ta yi ta wucewa ba tsayawa, kada kowa ya ga laifin Issaka, aiki ne ba girman kai ba, kuma a kama awaki. Shelar nan ta kusa kashe mu. Da safe muna fitowa muka tarar da samarin layi da shebur da baro, sun fara cike ramuka, wai ba za a kawo manyan baƙi su ga hanyarsu haka ba. Alhaji Seidu ya bi su da gudu babbar riga na tashi, yana ihu su mayar masa da ramukansa yadda suka gan su. Allah ya taimaka biyu kawai suka cike, aka sa su suka tone.

Sannan muka fara. Issaka ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ido a gaba kamar soja, gumi na zuba. Mma ta fitar da hannu da carbi tana rabon gaisuwa da suna: "Malam Bawa, an kwana lafiya! Fati, yaya ƙafa! Wanzam, ka ci bashin gaisuwa na!" Dattawa suna miƙewa suna amsawa, mata suna guɗa, mota kuwa ba ta rage ba ta ƙara ba. Ramuka suna jijjiga mu, ina jin tsoron ƙasusuwanta, ita kuwa dariya take. A wani bi akuya ta tsinke ta gitta, Issaka ya taka birki, na soke wannan muka sake. Da na jera sauran lambobin sai ga su kafaɗa da kafaɗa, kuma duka a sama. Na haɗa na raba.

Mista Mensa ya zo da kansa ya duba, ya sa muka ƙara bi ɗaya yana tsaye a bakin hanya. Ta fito daidai da 'yan uwanta. Ya ce a duk hanyoyin da muka auna, biyu ne kawai suka fi wannan muni. Ladan ya ruga ya faɗa a lasifika, layi ya kaure da murna. Ban taɓa ganin mutanen da aka ce musu hanyarsu tana cikin waɗanda suka fi lalacewa suna rungumar juna ba sai ranar. Mma ta ce ita na ukun ma bai yi mata ba, a sake aunawa.

Dawowa ba wani labari. An cika mini jaka da shito da goro, Issaka ya raka ni tasha ya ƙi sakin hannuna, jami'in Aflawo ya gane ni ya sake jan wayarsa. Abin da ban sani ba shi ne ko rahoton zai zama kwalta, don wannan ba a hannun mai awo yake ba. Na yi watanni in na tuna kujerar nan ta ƙofar gida sai gabana ya faɗi.

Makon jiya wani ɗan fataucin goro ya sauka wurin surukina, ya aika a kira ni. Ya ce an yi hanyar, har da kwalbati. Ranar da aka buɗe, Alhaji ya kira tasi har ƙofar gida, Mma ta shiga gidan gaba za ta Madina. Suna isa bakin titi ta ce wa direba ya juya. Ya ɗauka mantuwa ta yi, ya koma har ƙofar gida. Ta ce ya sake hawa. Ya hau, ta ce ya sake gangarawa. Direba ya fara ƙorafi, ta ce masa ya yi shiru ya riƙe gudu ɗaya, ɗanta ɗan Alata ya ce sau ɗaya ba awo ba ne. Sai da ta gamsu sannan ta bari aka wuce da ita wurin ƙanwarta.

Ta ba shi saƙo ya kawo mini, kuma ta sa ya maimaita a gabanta don kada ya ƙara gishiri. Ta ce a gaya wa Garba ta auna, hanya ya faɗi gaskiya, kuma mota ya riga makara zuwa.